Umma ta ajiye ƙwayar suga ta koma maganin jarka, kuma Yaya ne ke saya mata

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ce auta a ɗakinmu, ina aure a nan Zariya ba nisa da gida. Shekara shida kenan da aka gano Ummanmu tana da ciwon suga, tana shan metformin safe da dare da wata 'yar ƙaramar ƙwaya, kuma Alhamdulillah ana lallaɓawa. Bayan ƙaramar sallah sai wata ƙawarta ta turo mata bidiyon wani mai magani a WhatsApp, yana cewa wai suga dattin ciki ne da sanyi, wata uku zai wanke shi tas, amma da sharaɗin a ajiye ƙwayar asibiti don wai ita ke kashe ƙoda. Babban yayanmu shi ya saya mata, jarka biyu da ƙullin gari, kuɗin kuwa ba kaɗan ba. Yanzu wata biyu kenan ba ta sha na asibiti ba. Ita tana cewa ta samu sauƙi, cikinta ya daina murɗa mata. Amma ni Anti ina gani da idona ta rame, kullum gorar ruwa na gefenta, da daddare ta tashi fitsari ya fi sau biyar, mai maganin ya ce wai cutar ce ke fita. Abin da ya fi tayar min da hankali akwai ciwo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafarta kusan sati uku ya ƙi warkewa, ta ce ba ya mata zafi, zuma da garin nan ake shafa mata. Da na yi magana Yaya ya ce boko ne ke ɗibana kuma ba ni da tawakkali, Umma ma ta yi fushi ta ce tun kafin a haife ni ake shan sassaƙe. Ni ban yarda da maganin nan ba ko kaɗan amma ina tsoron saɓa wa mahaifiya. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya saka miki da alheri da kika sa ido kika lura da abin da sauran ba su lura da shi ba.

Zan fara da ƙafar nan kafin komai, saboda duk sauran maganar tana iya jira amma ita ba za ta jira ba. Ciwo a tafin ƙafar mai suga, sati uku bai warke ba, kuma ba ya zafi, wannan abu ne da ake kai wa asibiti yau, in dare ya yi miki to gobe da sassafe. Rashin zafin nan da Umma take ɗauka alamar sauƙi ce, shi ne ma ya fi ba ni tsoro. Suga idan ya daɗe yana sama yana cinye ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, sai mutum ya taka ƙusa ko takalmi ya goge shi bai sani ba, ya yi ta takawa a kan ciwon yana ƙara zurfi, ga jini ba ya zagayawa sosai zuwa yatsu, ga sugan da ke cikin jini ya raunana garkuwar jiki, to kin ga ta ina zai warke? Daga sama sai ki gan shi ɗan ƙarami kamar ba komai, alhali ta ciki yana iya kaiwa ga ƙashi. Mafi yawan masu suga da aka yanke wa yatsa ko ƙafa da irin wannan ɗan gyambon abin ya faro, kuma da yawansu da an zo da wuri da wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da daina taka wurin sun wadatar. Ba don in firgita ki na faɗa ba, don ki san har yanzu da sauran lokaci ne, amma lokacin ba shi da yawa.

Ki duba ƙafar da kanki yau cikin haske. Idan kika ji wari, ko kika ga mugunya, ko kumburi da ja yana hawa sama, ko wani wuri ya fara baƙi, ko jikinta da zazzaɓi, kar ki jira ranar asibitin masu suga, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye, ku da kuke Zariya ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa. Haka nan idan kika ga tana yawan barci ba gaira ba dalili, ko tana magana ba kan gado, ko amai, ko ta galabaita bakinta ya bushe ƙamas, shi ma gaggawa ne, don suga yana iya hawa har ya tsotse ruwan jiki mutum ya suma. Fitsarin daren nan kuwa ba cuta ce ke fita ba. Idan suga ya haura wajen 180 a jini ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya riƙa zuba cikin fitsari yana jan ruwa tare da shi, shi ya sa take fitsari take ƙishirwa, ta sha ta sake fitsari. Ramar kuma jiki ne ya kasa amfana da abincin da take ci ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Wato duk alamun da mai maganin ya fassara mata a matsayin waraka, su ne dai alamun da ke nuna ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Yanzu ta yaya za ki fitar da ita daga gida? Shawarata kar ki haɗa tafiyar nan da maganar jarka kwata-kwata. Kar ki ce "Umma kin ga abin da maganin nan ya jawo", da zarar kin faɗi haka kin mayar da tafiya asibiti ta zama amsa laifi, kuma babu uwar da ke son amsa laifi a gaban autarta. Ki ce mata, Umma ƙafar nan tana hana ni barci, dan Allah mu je a wanke miki ita a ɗaure, ko don hankalina ya kwanta. Ki roƙe ta alfarma a matsayin 'ya. Iyaye mata sukan yi wa 'ya'yansu abin da ba za su yi wa kansu ba. Ki tafi da katinta da ragowar ƙwayoyinta, ki ɗebi maganin jarkar a 'yar roba da ɗan garin, idan kun shiga ki gaya wa likita gaskiya cewa wata biyu ba ta sha ƙwaya ba ga abin da take sha. Mutanenmu suna ɓoye wannan don tsoron faɗa, amma likitan da bai san abin da ke cikin majinyaci ba lalube kawai zai yi. Ki kuma roƙi a duba ƙodarta, a yi mata gwajin da ake kira HbA1c, shi wannan yana nuna yadda suga ya kasance a cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kin ga daidai lokacin da ta yi tana shan jarkar kenan. Kar ki mayar da ita kan tsofaffin ƙwayoyin da kanki a gida, a bari a gwada ta tukun, don mai yiwuwa yanzu abin da take buƙata ya canja, ƙila ma a sa mata allurar insulin na ɗan lokaci har ƙafar ta warke, kuma in an ce haka kar ku tsorata, ba alamar ƙarshe ba ce kamar yadda ake yaɗawa.

To bari mu dawo kan mutanen gidan, don in ba ki fahimce su ba ko an wanke ƙafar yau jibi za a koma gidan jiya.

Umma ba don rashin hankali ta ajiye ƙwayar ba. Ki sake karanta abin da kika rubuto min, ta ce cikinta ya daina murɗa mata, kuma wallahi na yarda da ita, metformin yana yi wa mutane da yawa haka, murɗar ciki, gudawa, tashin zuciya, wani ɗanɗano mara daɗi a baki. Shekara shida tana fama da wannan, ƙila ta taɓa faɗa aka ce ta yi haƙuri. Ga sammako a kama layi, a wuni a kan benci, a ga likita na minti biyar wanda shi ma mutum ɗari ke jiransa a waje, ya rubuta takarda ko kallonta bai gama yi ba, sannan a ce mata wannan magani har ƙarshen rayuwa. Sai ga wani ya zo da sallama da addu'a da lafazi mai daɗi, ya kira ta Hajiya, ya ce wata uku kin rabu da shi. Wa zai ƙi jin wannan? In ɓera da sata daddawa ma da wari, asibitocinmu suna da nasu kason wajen kora mutane hannun masu jarka. Abin daɗin shi ne damuwar cikin nan tana da mafita, ana shan ƙwayar a tsakiyar cin abinci, ana iya rage ta a riƙa ƙarawa a hankali, akwai irin wadda ke narkewa sannu a hankali da ta fi sauƙi a ciki, akwai kuma wasu magungunan daban. Ki tabbata an yi wannan maganar a gaban likita, ke ki tayar da ita in Umma ta yi kara.

Shi kuma Yaya, ki yi masa adalci. Mutum ya ciro kuɗi masu yawa a wannan marrar ya saya wa mahaifiyarsa abin da ya yi imani zai raba ta da ciwo, wannan ƙauna ce. Da kika ce maganin banza ne, abin da kunnensa ya ji shi ne an damfare ka kuma kana cutar da uwarka, daga bakin ƙanwarsa ta ƙarshe, ƙila ma a gaban matarsa. Maganar boko da tawakkali da ya jefe ki da ita kare kai ne kawai. Ki same shi shi kaɗai, ko ki kira shi a waya lokacin da ba kowa kusa, ki fara da gode masa a kan ɗawainiyar da yake yi, sannan ki ce Yaya ni ba jayayya nake da kai ba, tsoro nake ji, ka zo ka ga ƙafar Umma da idonka. Ina kyautata zaton bai taɓa ɗaga ƙafar ya duba ƙarƙashinta ba, 'ya'ya maza ba kasafai suke ganin irin wannan ba. Ki bar masa ƙofar da zai dawo ba tare da ya ji kunya ba, in ma ya zama shi ne zai ɗauke ta a mota ya ce shi ya yanke shawarar a je, ki bar masa, ke dai lafiyar Umma kike nema.

Shi mai maganin ne ba zan yi wa uzuri ba. Ban ce duk mai maganin gargajiya macuci ba ne, akwai masu tsoron Allah da suka gaji sana'ar, waɗanda in abu ya fi ƙarfinsu za su ce maka tafi asibiti. Amma mutumin da bai taɓa ganin Umma ba, bai gwada jininta ba, bai san nauyinta ko halin ƙodarta ba, ya ce ta ajiye maganin da ya riƙe ta shekara shida, wannan ya ɗauki ran mutum ya yi wasa da shi. Ki lura da yadda maganarsa take, duk abin da ya faru shi ne da riba. In ta ji daɗi maganinsa ne, in ta rame cuta ce ke fita, in ta kwanta a ce ƙwayar da ta sha a baya ce ta yi mata illa ko kuma ba ta cika sharaɗi ba, a ƙaro jarka. Maganar da babu wani abu da zai faru ya ƙaryata ta, ni ba na sayenta ko daga bakin wa ta fito. Kuma na tabbata in kika kalli sauran bidiyoyinsa jarkar nan ɗaya ita ce ta basir, ita ce ta hawan jini, ta taifot, ta sanyin mata, ta rashin haihuwa. Su shaidun da yake nunawa suna godiya, su ne waɗanda suka ji daɗi a satin da aka ɗauke su, wanda ya ƙare a gadon asibiti ba a zuwa da kyamara wajensa.

In Yaya ya ce ai akwai lambar NAFDAC a jiki, ki duba da kyau. Lambar da hukumar ke ba magungunan gargajiya yawanci tana ƙarewa da harafin L, kuma ma'anarta an yi gwajin farko na cewa abin ba ya cutarwa, ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka ce, shi ya sa ake wajabta musu rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da suke yi ba. Jarkar da ba ta da ko takarda kuwa ba wanda ya san me ke ciki sai wanda ya dafa. Kuma an sha kama irin waɗannan haɗe-haɗen a ƙasashe daban-daban an niƙa ƙwayoyin asibiti a ciki, wani a zuba masa maganin suga mai ƙarfi irin glibenclamide ba awo, wanda zai iya faɗar da suga ƙasa warwas tsohuwa ta suma, wani a zuba dexamethasone, mutum ya ji ƙarfi ya ji yunwa ciwon gaɓoɓi ya lafa ya ce ya warke, alhali shi wannan ƙara hawar da suga yake. Wannan ma dalili ne da ya sa na ce kar a haɗa mata jarka da ƙwaya a gida ba da sanin likita ba.

Maganar wai ƙwaya ke kashe ƙoda, ga inda ta samo asali. Idan ƙodar mutum ta riga ta yi rauni sosai likitoci kan rage metformin ko su dakatar da shi, saboda ta ƙoda yake fita, sai mutane suka juya zancen suka ce shi ya lalata ta. Abin da ke kan gaba wajen kai mutane wankin ƙoda a duniya shi ne sugan da ba a kula da shi ba, sai hawan jini. Wato abin da Umma take gudu, ajiye ƙwayar ne ke kusantar da ita gare shi. Su kuma jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, ƙoda da hanta ne ke shan wahalar tace su.

Akwai inda Umma take da gaskiya kuma ina so ki faɗa mata haka da bakinki. Itatuwa suna da magani, ba wanda ya isa ya musa. Shi kansa metformin ɗin asalinsa daga binciken wani tsiro ne na ƙasashen Turai da aka daɗe ana ba masu yawan fitsari, sai dai sinadarin da ke cikin tsiron yana da guba, aka yi ta aiki har aka samu danginsa da jiki ke ɗauka, wani likita a Faransa ya fara ba masu suga shi a 1957. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke saya a kemis yau daga wani ganye ne dangin tazargade, wata mai bincike 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta ciro shi bayan ta bi tsofaffin littattafan maganin gargajiyarsu, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Mu nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, da kanumfari da masoro da karan dafi a cikinsa, aka gwada shi a kan masu sikila aka ga yana rage musu tashin ciwon, shi ne Niprisan, kuma ko shi ba a ce yana warkar da sikila ba, abin da aka gani kawai aka faɗa. Kin ga abin da ya raba waɗannan da jarkar Umma shi ne an gwada, an auna, an san nawa ke amfani nawa ke kisa, an kuma yarda a jefar da wanda ya faɗi gwajin. Kuma ana faɗuwa. A 2020 shugaban Madagaska ya fito da wani jiƙo ya ce maganin korona ne, har Najeriya aka kawo shi, ita dai cibiyar nan ta Abuja ta bincika ta ce ba ta ga hujjar yana warkarwa ba. A Gambiya a 2007 Yahya Jammeh yana kan mulki ya ce ya samo maganin ƙanjamau da ganyaye, aka sa masu cutar suka ajiye ƙwayoyinsu, wasu suka mutu, waɗanda suka tsira daga baya har ƙararsa suka kai kotu. Sharaɗin nan na "sai ka ajiye na asibiti" shi ne ya kashe su, kuma shi aka gindaya wa Umma.

Batun tawakkali ya taɓa ki na sani, don ba abin da ya fi ciwo kamar a ce wa mutum imaninsa ne da rauni alhali tsoron Allah ne ya sa shi magana. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, a wata ruwayar aka ƙara da cewa wanda ya sani ya sani wanda bai sani ba bai sani ba, kenan magani abu ne na ilimi, ana iya saninsa ana iya jahiltarsa. Ya ce wa mai raƙuma ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Kuma akwai hadisi a Abu Dawud cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to shi ke da alhakin abin da ya faru. Ba na so ki je ki yi ta jefa wa Yaya hadisai kamar ana muƙabala, zai ƙara taurin kai ne, amma ki riƙe su a ranki don ki daina zargin kanki. Bin iyaye bai haɗa da yin shiru kana kallo suna cutuwa ba. Ladabin yana cikin yadda za ki faɗa, da murya ƙasa, a durƙushe in ta kama, amma faɗar dole ce. Addu'a, tofi, ruƙiyya, sadaka, duk a ci gaba, ba ɗayansu da ya ce a ajiye ƙwaya. Zuma kuwa ki sani tana ɗaga suga kamar yadda sukari ke yi in ana sha da yawa, haka dabino, kuma zumar da wasu asibitoci ke sa wa a ciwo tatacciya ce ta musamman da ake sawa bayan an wanke an cire mataccen nama, daban take da a kwaɓa ta kasuwa da gari a toshe rami.

Abin da nake ganin zai kashe gardamar gidanku ba bakinki ba ne, 'yar na'urar gwajin suga ce. In babu a gidan ki saya da tsinkayenta, ko ku shiga kemis mai kyau a gwada. Ki ce wa Yaya, mu bar ni da kai, mu tambayi jinin Umma, gani ya kori ji. A gwada da safe kafin ta ci komai, a gabansa. Abin da ake nema ga yawancin masu suga a wannan lokacin tsakanin 80 ne da 130, in na'urar mai ƙananan lambobi ce wajen 4.4 zuwa 7.2 kenan. Da alamun da kika lissafa zan yi mamaki in bai ninka haka ba, in kuma ta rubuta HI to ya wuce abin da take iya ƙirgawa, sai asibiti nan take. In ya faɗo ƙasa da 70 tana rawar jiki da gumi, a ba ta abu mai zaƙi maza, kuma wannan ya ƙara nuna akwai abin da aka zuba a jarkar. Ko da lambar ta fito da kyau, ƙafar nan dai sai an kai ta, wannan ba ya cikin abin da ake ciniki a kai. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da lamba, ki bar shi a ɗakin Umma inda kowa zai gani.

Sannan kar ki nemi a raba ta da komai na gargajiya rana ɗaya, ba za ki ci nasara ba kuma ba ma dole ba ne. Kwaɗon zogale, miyar shuwaka, kuka, kuɓewa, rama, wake, duk abinci ne masu kyau ga mai suga, ta ci abinta. In tana son ɗan shayin hulba ko kirfa a gaya wa likita, galibi ba sa hanawa in kaɗan ne, an yi ƙananan bincike da suka nuna suna ɗan taɓa suga amma ba su kai su maye gurbin magani ba. Abin da za a rage shi ne lemon kwalba, kunu da koko mai sukari, tulin tuwo da farar shinkafa da burodi. Kin ga ta samu abin da za ta riƙe na gida, ba ta ji an ce duk abin da ta gada shirme ne ba. Iyaka biyu kawai za ki tsaya a kansu, ba a ajiye maganin asibiti sai da likita, kuma ba a shan abin da ba a san me ke cikinsa ba. In ta tambaye ki ko ana rabuwa da suga, ki gaya mata gaskiya, akwai waɗanda in an gano shi da wuri suka rage ƙiba sosai sukan kai ga a rage musu magani ko a dakatar, amma da gwaji ake tabbatarwa kuma ana ci gaba da bibiya, ita kuwa yanzu abin da ke gabanmu ƙafa ta warke, ido da ƙoda su tsira, ta ga auren jikokinta da ƙafafunta biyu.

Kuɗi ma a zauna a kansa, don sau da yawa abin da ke ƙarƙashin "na gaji da ƙwaya" shi ne "na gaji da roƙon kuɗin ƙwaya". Ku 'ya'yan ku yi karo-karo duk wata, a saya mata na wata guda gaba ɗaya kar ya yanke, ku tambaya a asibiti ko za ta iya shiga tsarin inshorar lafiya na jiha ko na tarayya, ku kuma raba ranakun rakiya don kar ya zama ke kaɗai ko ita kaɗai a kan benci.

In kin yi duk wannan suka ƙi, kar ki tsaya ke kaɗai. Ki nemo wanda Umma ke jin nauyinsa, ƙaninta ko yayarta, ko limamin unguwa mai fahimta, ko wata nas a dangi ko maƙwabta da za ta zo gida da sunan gaisuwa ta ga ƙafar ta gwada sugan. Mafi tasiri ma wata tsararta mai suga da ta daɗe tana shan magani tana harkokinta, irin wannan in ta yi mata magana ta fi likita goma. Ki gaya wa sauran 'yan uwanku halin da ake ciki yau ɗin nan, da hoton ƙafar in Umma ta yarda a ɗauka, kar a wayi gari a ce ba a sani ba. Abu biyu nake roƙon kar ki yi, kar ki zubar da jarkar a ɓoye, za a sayo wata kuma a daina yarda da ke, kar kuma ki riƙa niƙa mata ƙwaya a abinci, haɗari ne tunda ba ki san me take sha a gefe ba, ita kuma babba ce mai hankalinta, haƙƙinta ne ta san abin da ke shiga jikinta.

Kafin ku tafi, yau da daddare ki wanke ciwon da ruwa mai tsabta da aka tafasa ya huce, kar ki jiƙa ƙafar cikin ruwan zafi don ba za ta ji in yana ƙona ta ba, ki rufe da bandeji mai tsabta, a daina sa garin, ta rage takawa a kai kuma kar ta yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida, ki duba ɗaya ƙafar ma har tsakanin yatsu. Ki sanar da maigidanki tun yanzu cewa gobe da sassafe za ki raka Umma, ki kira Yaya bayan isha'i. Ki rubuto min abin da gwajin ya nuna da abin da likita ya ce game da ƙafar, ina jiran saƙonki. Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya haɗa kanku.